Jarrabawar da ke rage shekarun jami'a: bayani ga iyaye da ɗaliban Adjamé da Treichville

Duk watan Yuli, idan sakamakon jarrabawar BAC ya fito a Kodebuwa (Côte d'Ivoire), gidajen Hausawan Abidjan da aka dace sukan shiga shawara iri ɗaya: yaro ya zauna ya yi karatu a nan, ko a mayar da shi Yamai ko Maraɗi, ko Zariya ko Kano, ko kuwa a nema masa hanyar Gana, Faransa, Amurka ko ƙasashen Larabawa? Samun BAC ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne. A 2023 kashi 32.09 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawar ne suka ci, a 2024 kuma kashi 34.17.

Abin da yawancin iyalai ba sa sakawa cikin lissafi shi ne, darajar takarda ɗaya tana sauyawa idan ta ƙetare iyaka. A wata ƙasar BAC ƙofa kawai take buɗewa. A wata kuma tana iya ɗauke wa ɗalibi shekara guda cur ta jami'a. Akwai kuma inda za a ce sai ya ƙara shekarar share fage kafin ya fara. Ga ɗan kasuwar da ke da rumfa a Forum na Adjamé, ko mai sayar da garba a Treichville, bambancin shekara ɗaya yana nufin kuɗin makaranta, kuɗin ɗaki, abinci da kuɗin mota na wata goma sha biyu. Wannan bayani ya tattara yadda kowane tsari ke ƙirga karatun da ɗalibi ya riga ya yi.

Abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa

Na farko shi ne izinin shiga. Takardar gama sakandare tana bai wa ɗalibi damar neman gurbi a ajin farko na jami'a. Wannan shi ne ainihin aikin BAC, kuma shi ne aikin jarrabawar WAEC a ƙasashe masu Turancin Ingilishi.

Na biyu shi ne kiredi. Jami'o'i suna auna kowane darasi da wani ma'auni da ake kira kiredi, kuma sai ɗalibi ya tara adadin da aka ƙayyade kafin a ba shi digiri. Idan jami'a ta yarda cewa abin da ya karanta a lise ya kai nauyin wani darasinta, takan rubuta masa kiredin darasin ba tare da ya zauna a ajin ba. Wannan ne ke rage lokaci da kuɗi.

Na uku shi ne gwajin matsayi. Ana yin sa ne don a san ajin da ya dace da ɗalibi, musamman a harshe da lissafi. Wanda ya yi ƙoƙari yakan tsallake matakin 'yan koyo, amma sau da yawa adadin kiredin da zai tara bai ragu ba, sai dai ya cike gurbin da wani darasi mafi zurfi. Wanda ya gaza kuma akan mayar da shi ajin share fage, wanda zai biya kuɗinsa amma ba ya shiga lissafin digiri.

A lura da wata kalma mai ruɗarwa. Idan ɗan Najeriya ya ce yana da "kiredit biyar", yana nufin ya samu sakamakon C6 ko sama da haka a darussa biyar na WAEC ko NECO. Wannan daraja ce ta maki, ba ta da alaƙa da kiredin jami'a da ake magana a kai a nan.

Abin da BAC ke bayarwa a Kodebuwa

Ɗalibin Kodebuwa yana shekara 13 kafin jami'a: shida a firamare daga CP1 zuwa CM2, huɗu a kwaleji har zuwa jarrabawar BEPC, uku a lise har zuwa BAC. Hukumar DECO ta ma'aikatar ilimi ce ke shirya jarrabawar. Manyan rassanta su ne A1 da A2 na adabi da harsuna, C na lissafi da kimiyyar lissafi, D na kimiyyar halittu, sai rassan fasaha da kasuwanci irin su F da G. Ana ci da matsakaicin maki 10 cikin 20. Daga 12 ake samun yabon "assez bien", daga 14 "bien", daga 16 "très bien". Wanda baya makaranta yana iya yin rajista a matsayin ɗan takara mai zaman kansa.

Jami'o'in gwamnati, irin su Félix Houphouët-Boigny da ke Cocody da Nangui Abrogoua da a da ake kira Abobo-Adjamé, suna bin tsarin LMD tun da aka sake buɗe su a 2012. Ƙungiyar UEMOA ce ta umarci ƙasashenta da su koma wannan tsari a 2007. A cikinsa digirin farko, wato lisans, shekara uku ne, zango shida, kiredi 30 a kowane zango, jimilla 180. Digiri na biyu yana ƙara 120.

A wannan tsari BAC ba ta ba da kiredi ko ɗaya. Wanda ya samu 17 cikin 20 da wanda ya samu 10 duk daga shekarar farko ta lisans za su fara. Amfanin maki mai yawa yana wani wuri ne: shi ke buɗe fannonin da ake rububi, shi ke ba da damar shiga gasar manyan makarantu irin su INP-HB ta Yamoussoukro ko ESATIC, makarantar fasahar sadarwa da ke Treichville, kuma shi ake dubawa wajen ba da tallafin karatu. Dalilin rashin kiredin a fili yake: an riga an gina lisans ɗin mai shekara uku bisa cewa kowa ya zo da ilimin ajin terminale. Abin da wasu ƙasashe ke koyarwa a shekarar farko ta jami'a, a nan an tura wani ɓangarensa lise.

Batun kuɗi ma yana da alaƙa da takardar ɗan ƙasa. Haihuwa a Abidjan kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan Kodebuwa, domin dokar ƙasar ta jini take bi. Wani umarnin UEMOA na 2005 ya ce a daidaita ɗaliban ƙasashen ƙungiyar da 'yan ƙasa a jami'o'in gwamnati. Nijar tana cikin UEMOA har yanzu, duk da ficewarta daga CEDEAO a Janairun 2025. Najeriya da Gana ba sa ciki, don haka 'ya'yansu ba sa cikin wannan rangwame.

Inda ake tsallake shekara a tsarin Faransanci

Gajerar hanya a wannan tsari tana zuwa ne bayan BAC. Wanda ya yi shekara biyu ya ci jarrabawar BTS ta ƙasa yana iya neman shiga shekara ta uku ta lisans, galibi lisans na sana'a a fannin da ya karanta. Haka wanda ya gama shekara biyu na azuzuwan share fagen manyan makarantu. A Faransa waɗannan shekaru biyu ana ƙirga su kiredi 120. Sai dai karɓar ba tilas ba ce. Kwamitin makaranta ne ke duba takardun kowane mutum, kuma yana iya cewa ya koma shekara ta biyu idan darussan ba su yi daidai ba.

Makarantu masu zaman kansu da ke shirya BTS da lisans suna da yawa a Abidjan. Kafin a biya, a tambayi abu biyu: ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da makarantar, da kuma ko hukumar CAMES ta amince da wannan digirin takamaimai. CAMES, wadda aka kafa a 1968 kuma cibiyarta ke Wagadugu, digiri-digiri take tantancewa. Makaranta ɗaya tana iya samun amincewa a fannin akanta, amma babu a fannin sadarwa. Wannan amincewa ita ke sauƙaƙa wa mai takardar Abidjan neman aiki ko ci gaba da karatu a Yamai, Dakar ko Wagadugu.

Mai son zuwa Faransa yana bi ta ofishin Campus France a Abidjan. BAC ta Kodebuwa tana kai shi shekarar farko ta lisans, ba ta wuce nan ba.

Komawa Nijar

Ga iyalan da asalinsu Tawa, Maraɗi, Damagaram ko Dosso, wannan ita ce hanya mafi sauƙi a takarda. Tsarin iri ɗaya ne: shekara 13, BAC, sannan LMD. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa duk suna karɓar mai BAC a shekarar farko. Ana buƙatar tabbatar da sahihancin takardar waje, kuma hukumar OBEECS da ke shirya BAC ta Nijar tana da hurumin daidaita takardu.

Ribar tsarin LMD tana bayyana ga wanda ya fara jami'a a Abidjan sannan iyali suka tashi. Kiredin da ya riga ya ci nasa ne, yana iya neman a ƙirga masa su a sabuwar jami'a. Abin da zai nuna shi ne takardar makin kowane zango da jerin darussan da ya yi. Wanda ya bar Abidjan bai karɓi waɗannan ba, yakan sha wahalar nemansu daga nesa.

Najeriya: hanyar shiga aji biyu kai-tsaye

A nan ne maganar rage shekara ta fi ƙarfi a yankinmu. Ɗalibin Najeriya yana shekara 12 kafin jami'a, digirin farko kuma shekara huɗu ne a yawancin fannoni, biyar a injiniya da shari'a, shida a likitanci. Ƙofa biyu ce, kuma duka ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978.

Ƙofa ta farko ita ce jarrabawar UTME. Mai kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi da lissafi a yawancin fannoni, yana rubuta ta ya shiga aji ɗaya. Abidjan na cikin biranen waje da JAMB ta sha shirya wannan jarrabawa ta hannun ofishin jakadancin Najeriya.

Ƙofa ta biyu ita ce shiga kai-tsaye, wadda ake kira DE. Mai ita yana tsallake aji ɗaya ya fara daga aji biyu. Ana buɗe ta ga masu takardar da ta ɗara ta sakandare: difloma, NCE ta malanta, jarrabawar babban mataki ta Cambridge, IB, da jarrabawa biyu na cikin gida. Ɗaya ita ce IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita tun 1976, kuma ta fi karɓuwa a arewa. Ɗayar ita ce JUPEB, wadda ta fara aiki a 2014 bisa jagorancin Jami'ar Legas. A duka biyun ɗalibi yana karanta darussa uku na kimanin shekara guda, sannan ya zauna jarrabawa. Ƙa'idar gama-gari ita ce cin aƙalla darussa biyu, amma fannonin da ake rububi, kamar likitanci, sukan nemi uku da maki mai yawa.

A duba lissafin da kyau. Wanda ya yi IJMB ya shekara ɗaya yana karatu, ya tsallake shekara ɗaya, saboda haka bai rage komai ba idan aka kwatanta shi da wanda ya shiga ta UTME a karon farko. Ribarsa ita ce bai zauna gida yana jiran wata shekarar ba. Wanda ke iya cin ribar shekara guda ta gaskiya shi ne mai BAC, idan jami'a ta ɗauki takardarsa a matsayin ta babban mataki.

Hanyar mai BAC tana farawa daga ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja, wadda ke tantance takardun waje. Bayan haka kowace jami'a, kowane sashe ma, yana da sharuɗɗansa. Abu biyu ne suka fi tare ɗaliban da suka taso a tsarin Faransanci. Na farko shi ne Ingilishi: jami'o'in Najeriya suna neman shaidar cin sa a matakin sakandare, don haka wasu iyalai kan sa yaro ya rubuta WAEC ko NECO ta masu zaman kansu domin ya cike wannan gurbi. Na biyu shi ne dacewar darussa: mai BAC A2 ba zai shiga injiniya ba komai yawan makinsa, mai BAC D kuma ya fi kusa da fannonin lafiya da noma. Ɗan Najeriya yana kuma buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kafin ya yi rajistar JAMB. A 'yan shekarun nan hukumar ta tsaurara binciken takardun masu shiga kai-tsaye saboda yawan na jabu, kuma takan nemi tabbaci daga wurin da ya ba da takardar.

Kada a ɗora hujja kan cewa 13 ta fi 12. Shekarar da tsarin Kodebuwa da Nijar ya ɗara da ita tana ƙasa ne, domin ajin CP an raba shi biyu don yaro ya koyi Faransanci. A Faransa kanta shekara 12 ake yi kafin BAC. Masu tantancewa zurfin darussan ajin ƙarshe suke dubawa da makin da aka samu a kowanne.

Gana ma da WAEC take aiki, kuma hukumar GTEC ce ke tantance takardun waje. Yawancin masu zuwa daga ƙasashen Faransanci sukan fara da kwas na Ingilishi, inda gwajin matsayi ke yanke ko wata nawa mutum zai yi kafin ya nemi gurbi.

Wanda ya zo ta ɗaya ɓangaren, wato yaron da ya gama sakandare a Kano ko Kumasi ya dawo wurin iyayensa a Abidjan, sai ya nemi a daidaita takardarsa ta WAEC da BAC a ma'aikatar ilimi mai zurfi, sannan ya nuna ya iya Faransanci. Jami'ar Cocody tana da cibiyar CUEF mai koyar da baƙi harshen mataki-mataki.

Amurka da Kanada: inda jarrabawa ke zama kiredi

Asalin wannan al'ada ta mayar da jarrabawar sakandare kiredin jami'a a Amurka take. Digirin farko a can shekara huɗu ne, kiredi kusan 120, kuma yawancin darussa kiredi uku-uku ne. Kiredinsu ya fi na LMD nauyi: shekara ɗaya 30 ce a wurinsu, 60 a wurinmu, don haka akan ƙirga biyu namu a matsayin ɗaya nasu. Da yake jami'o'i da yawa a kan kowane kiredi suke cajin kuɗi, darasin da aka ɗauke wa ɗalibi kuɗi ne ya rage a aljihu.

Jarrabawa uku ne suka fi shahara. AP, wadda hukumar College Board ke gudanarwa tun 1955, ana yin ta a watan Mayu, darasi-darasi, kuma makinta daga 1 zuwa 5 ne. Jami'o'i da yawa suna ba da kiredi daga 3, masu tsauri sai 4 ko 5. Ba dole ba ne sai mutum ya yi ajin AP kafin ya zauna, amma sai ya samu makarantar da ke shirya jarrabawar ta yarda ta yi masa rajista, kuma kowane darasi ya haura dalar Amurka 100 a wajen ƙasar.

IB, wadda aka kafa a Geneva a 1968, shiri ne na shekara biyu na ƙarshen sakandare. Darussa shida ne, kowanne maki 1 zuwa 7, jimillar maki 45, kuma ana buƙatar aƙalla 24. Kiredi yakan zo ne daga darussan da aka yi a babban mataki. A Abidjan makarantar International Community School da ke Riviera tana yin wannan shiri, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin iyalai.

CLEP, ita ma ta College Board, ta fara a 1967, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda ya taso a Adjamé ko Treichville. Ba ruwanta da inda mutum ya koyi abin da ya sani. Jarrabawa 34 ce a kan kwamfuta, makinta daga 20 zuwa 80, kuma 50 ne ma'aunin da aka fi amfani da shi. Akwai ta harshen Faransanci a ciki. Wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci yana iya samun kiredin darussan harshe da ita cikin zama ɗaya, idan jami'arsa na karɓa. Hausa ma tana da tata hanyar: tana cikin harsunan da ake yi wa gwajin baka na ACTFL, kuma wasu jami'o'i suna karɓar sakamakon don ɗauke wa ɗalibi sharaɗin koyon harshe na biyu.

Ita kanta BAC wasu jami'o'in Amurka da Kanada suna ba ta kiredi. Jami'ar McGill ta Montréal, alal misali, tana ba da har kiredi 30, wato shekara guda, ga masu BAC ta Faransa ko IB da suka cika sharuɗɗa. A nan akwai bambancin da ya kamata a sani. BAC ta Faransa ita ce wadda ake yi a Lycée Blaise Pascal da Jean-Mermoz na Cocody. Ta DECO takarda ce ta ƙasar Kodebuwa, kuma dokar da jami'a ta rubuta don ta Faransa ba ta hawa kanta kai-tsaye. Mai ita yakan aika takardunsa ga kamfanin tantancewa irin su WES, sannan jami'a ta yanke.

Babu wata doka ɗaya da ta ɗaure jami'o'in Amurka duka. Kwalejin Dartmouth ta daina ƙirga AP cikin kiredin digiri daga ɗaliban da suka shiga a 2014, alhali jami'o'in jihohi da yawa suna karɓa hannu biyu. Ofishin EducationUSA na ofishin jakadancin Amurka a Abidjan yana ba da shawara kyauta. Mai son tsarin Amurka ba tare da barin ƙasa ba yana iya duba Jami'ar Ƙasa-da-ƙasa ta Grand-Bassam, wadda ke koyarwa da Ingilishi, inda gwajin harshe ke raba waɗanda za su fara digiri da waɗanda za su fara da share fage.

Ɗaliban makarantun Larabci

Yara da yawa na Hausawan Abidjan ta makarantun Islamiyya da na Faranko-Arab suka bi. Tun farkon shekarun 2010 gwamnati take shigar da waɗannan makarantu cikin tsarin ƙasa, don ɗalibansu su riƙa zama CEPE, BEPC da BAC. Takardar da makaranta ta buga da kanta, ba tare da jarrabawar ƙasa ba, ba ta buɗe ƙofar jami'ar gwamnati.

A ƙasashen Larabawa gwajin matsayi yana da nauyi sosai. Jami'ar Musulunci ta Madina tana da cibiyar koyar da Larabci ga baƙi mai mataki huɗu, shekara biyu. Gwajin da ake yi wa sabon ɗalibi ne ke nuna ko zai fara daga tushe, ko daga tsakiya, ko ya wuce kulliya kai-tsaye. Azhar ta Masar tana duba ko ta amince da takardar makarantar da ɗalibi ya fito, idan babu sai ta gwada shi ta ajiye shi a ajin da ya dace a makarantunta na ƙasa da jami'a. Nahawu da insha'in da yaro ya ƙware a kai a Adjamé suna iya rage masa shekara biyu a can. Kusa da gida kuma akwai Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wadda ta fara aiki a 1986.

Takardun da ke tsayar da komai

Kodebuwa na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar UNESCO ta duniya kan karɓar takardun ilimi mai zurfi, wadda ta fara aiki a Maris 2023. Yarjejeniyar ta bai wa ɗalibi haƙƙin a duba takardarsa bisa adalci, amma ba ta tilasta wa wata jami'a ba shi kiredi. Aikin yana nan a kan takardun da zai gabatar.

Mafi muhimmanci ita ce takardar maki ta BAC, wadda ɗalibai ke kira "collante", domin ita ke nuna makin kowane darasi da nauyinsa. Sai takardar shaida ta asali, takardun makin azuzuwa uku na lise, da tabbacin DECO cewa takardar sahihiya ce. Idan za a kai ƙasar Ingilishi ko ta Larabci, sai an fassara a wurin tafinta mai rantsuwa.

Sai maganar suna, wadda ta fi addabar al'ummar da ke zaune tsakanin ƙasashe. Mutum ɗaya yana iya zama Ousmane Aboubacar a takardar haihuwa ta Treichville, Usman Abubakar a fasfon Najeriya. Wani kuma an yi masa takardar haihuwa ta kotu da wata shekara, katin ofishin jakadanci yana ɗauke da wata. Kwamfutar hukumar jarrabawa mutum biyu take gani. Gyaran ya fi sauƙi tun yaro yana ajin troisième ko seconde, kafin sunan ya hau takardar BAC.

Shin tsallake shekara alheri ne kullum?

Shekarar farko ita ce lokacin da ɗalibi ke sabawa da harshen koyarwa da salon jarrabawa. Wanda ya yi lissafi da kimiyya da Faransanci shekara 13, aka jefa shi aji biyu a Zariya, zai tarar abokansa sun riga sun saba da kalmomin fannin da Ingilishi, kuma makin da zai samu a wannan zangon yana shiga lissafin darajar digirinsa. Ga mai rauni a harshe, farawa daga aji ɗaya na iya fin riba. A Amurka ma wasu makarantun likitanci sun fi son ganin darussan kimiyya da aka yi a jami'a a kan kiredin jarrabawa.

Akwai kuma gajerar hanyar da ba hanya ba ce. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, abin da ya shafi har ɗaliban da suka yi karatunsu da gaske. Duk wanda ya yi alkawarin digiri a shekara ɗaya, ko shiga aji uku ba tare da duba takardu ba, kuɗi kawai yake nema. Sauri kan haifi nawa.

Tambayoyin da za a yi kafin a biya kuɗi

A wane aji za a karɓi mai wannan takarda, da wannan reshe, da wannan maki? Abin da za a ba shi kiredi ne da ke rage darussa, ko tsallake mataki ne kawai? Kiredi nawa ne iyakar abin da ake karɓa daga waje? Wace hukuma ce za ta tantance takardar, kuma wata nawa take ɗauka? Wace shaidar harshe ake nema? Idan ɗalibi ya sauya jami'a ko ya koma gida, za a ƙirga masa abin da aka ba shi?

A nemi amsar daga ofishin karɓar ɗalibai na jami'ar kanta, a rubuce, ba daga bakin dillali ba. Sharuɗɗa suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka abin da ya yi wa ɗan maƙwabci aiki shekara uku da suka wuce sai an sake tabbatar da shi. Lokacin da ya fi dacewa a fara wannan bincike shi ne lokacin zaɓen reshe, a ƙarshen ajin troisième da na seconde, domin reshen da yaro ya shiga a lise shi ke yanke yawancin ƙofofin da za su buɗe masa bayan BAC.